Faifan sarrafa haske: Fasahar da ke neman maye gurbin gilashin kyamara

Duk wanda ya juya bayan wayarsa ta salula zai tarar da wani ɗan tudu a daidai inda kyamara take.

Kamfanonin ƙera waya sun yi nasarar rage kaurin kusan kowane sashe na cikinta, amma wannan tudu ya gagare su. Dalili kuwa shi ne a ƙarƙashinsa an jera gilasai masu doro, galibi shida zuwa takwas a manyan wayoyi, ɗaya bisa ɗaya, kuma kowannensu yana buƙatar wurin zama.

Sama da shekaru goma ke nan masana kimiyya a Amurka da Turai da Asiya suna aiki a kan wata fasaha da suke fatan za ta rage wannan nauyi. Fasahar ita ce wani shafaffen faifai, wanda Turawa ke kira metasafes, da aka dasa wa miliyoyin ƙananan ginshiƙai waɗanda ido ba ya iya gani.

Wannan faifai na iya lanƙwasa haske, ya tara shi wuri guda, ya kuma juya yadda yake kaɗawa, alhali kaurin ɓangaren da ke yin aikin bai kai kashi ɗaya cikin hamsin na silin gashi ba.

Amfaninsa bai tsaya ga hoto kawai ba. Ya shafi na'urorin binciken likita da sadarwar tauraron ɗan Adam da kuma tsarin wayar salula na gaba.

Mece ce igiyar haske?

Haske da muryar rediyo da sigina ta wayar salula duk dangi ɗaya ne. Masana na kiransu igiyoyin lantarki da maganaɗisu, kuma dukkansu suna gudun kusan kilomita dubu 300 a cikin daƙiƙa ɗaya a sararin samaniya.

Abin da ya bambanta su shi ne tsawon zango, wato tazarar da ke tsakanin tudun igiya da tudun da ke biye da shi.

Masu sauraren rediyo sun daɗe da sanin wannan ma'auni. Idan aka ce tasha tana kan gajeren zango mita 16 ko mita 19, tsawon igiyar ake nufi. Igiyar tashar FM kamar mita uku ce, ta wayar salula kuwa 'yan santimitoci ce.

Hasken da ido ke gani ya fi duk waɗannan gajarta nesa ba kusa ba. Zangonsa yana tsakanin nanomita 400 zuwa 700, nanomita ɗaya kuma kashi ɗaya ne cikin biliyan ɗaya na mita. Faɗin silin gashin ɗan Adam yakan kai nanomita dubu 50 zuwa dubu 100.

Bayan tsawon zango, akwai wasu siffofi biyu na igiya da wannan fasaha ta dogara a kansu.

Ta farko ita ce taku. Kamar yadda sojoji a fareti suke ɗaga ƙafa tare su sauke tare, haka igiyoyi biyu kan iya tashi tare su sauka tare. Idan takunsu ya zo ɗaya, sai su ƙarfafa juna. Idan tudun ɗaya ya faɗa a kwarin ɗayar, sai su shafe juna. Ana auna taku da digiri, zagaye guda cikakke kuma digiri 360 ne.

Ta biyu ita ce alƙiblar kaɗawa. Wanda ya ɗaure igiya a turke yana iya kaɗa ta sama da ƙasa, ko hagu da dama, ko kuma ya wulwula ta. Haka haske yake. Yana tafiya gaba, amma yana kaɗawa a tsaye ko a kwance ko yana murɗawa.

Masu kafa kaskon tauraron ɗan Adam, wato dish, suna aiki da wannan siffa kullum. Harafin H ko V da suke zaɓa wajen neman tasha yana nuna ko siginar a kwance take kaɗawa ko a tsaye. Da wannan dabara ake aiko da tashoshi biyu a kan zango ɗaya ba tare da sun cakuɗe ba.

Daga Bagadaza zuwa Harvard

Tun fil azal, hanyar da aka sani ta lanƙwasa haske ita ce a sa ya ratsa gilashi ko ruwa. A cikin gilashi gudun haske yana raguwa zuwa kimanin kilomita dubu 200 a daƙiƙa.

Idan sahun mutane da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa ya shiga rairayi a karkace, waɗanda suka fara taka rairayin za su rage sauri, na ɗaya gefen kuma su ci gaba da saurinsu, sai sahun duka ya karkata. Abin da ke faruwa ga haske ke nan idan ya shiga gilashi.

Gilashi mai doro ya fi kauri a tsakiya, saboda haka hasken da ya bi ta tsakiya ya fi jinkiri, wanda ya bi ta gefe kuma ya wuce da wuri. An tsara doron ne ta yadda dukkan hasken zai isa ɗigo guda da taku ɗaya, a nan ne hoto ke fita.

Wanda aka sani ya fara rubuta ƙa'idar wannan lanƙwasa shi ne Abu Sa'ad al-Ala ibn Sahl, wani masanin lissafi a Bagadaza, cikin wani littafi da ya rubuta wajen shekarar 984 a kan madubai da gilasan da ke ƙona abu da hasken rana. Littafin ya tarwatse, sai a shekarar 1990 masanin tarihin kimiyya Roshdi Rashed ya bayyana abin da ke cikinsa, bayan da ya haɗa sassan da aka adana a Damaskus da Tehran.

A Turai an san ƙa'idar da sunan Willebrord Snell, ɗan ƙasar Holand, wanda ya gano ta a 1621.

A shekarar 2011 wata tawaga a Jami'ar Harvard da ke Amurka, ƙarƙashin Farfesa Federico Capasso, haifaffen birnin Rum na Italiya, ta wallafa wani bincike a mujallar Science da ya faɗaɗa wannan ƙa'ida.

Tambayar da tawagar ta yi mai sauƙi ce. Tun da jinkirta taku shi ne ainihin aikin gilashi, shin dole ne sai haske ya ratsa abu mai kauri kafin a jinkirta shi?

Capasso da Nanfang Yu da abokan aikinsu sun jera ƙananan eriyoyi na zinari masu siffar harafin V a kan silikon. Iri takwas suka yi, kowace ta bambanta da maƙwabciyarta da taku digiri 45. Da suka haska musu hasken leza irin wanda ido ba ya gani, sai hasken ya karkata zuwa kusurwar da suka tsara masa, ba wadda tsohuwar ƙa'ida ta tanada ba.

Masanan ba su rushe ƙa'idar Ibn Sahl da Snell ba. Sun nuna cewa ita tana bayani ne a kan fuska mai santsi wadda ko'ina a jikinta ɗaya ne, kuma idan aka yi wa fuskar zane na musamman, sai an ƙara wani abu a cikin lissafin.

Sai dai ba daga Harvard tunanin ya faro ba. A 1948 Winston Kock na cibiyar bincike ta Bell a Amurka ya yi amfani da jerin ƙananan ƙarafa wajen tara igiyoyin rediyo. A ƙarshen shekarun 1990 Philippe Lalanne a Faransa ya tara haske da ƙananan ginshiƙai, a farkon shekarun 2000 kuma Erez Hasman na cibiyar Technion a Isra'ila ya sarrafa takun haske ta hanyar juya alƙiblarsa.

Yadda faifan ke aiki

Sharaɗin farko shi ne kowane ginshiƙi da tazarar da ke tsakaninsa da na kusa da shi su gaza tsawon zangon igiyar da ake son sarrafawa. Idan haka ta samu, igiyar ba ta ganin ginshiƙan ɗaiɗai, tana ganinsu ne a matsayin shimfiɗa guda.

Wannan ne ya sa faifan igiyoyin sadarwa yake da ƙwayoyi na tagulla masu girman milimita, waɗanda ido ke gani, na haske kuwa sai da madubin bincike mai ƙarfi.

Akwai manyan hanyoyi biyu na sarrafa taku. Ta farko ita ce sauya kaurin ginshiƙi. Mai kauri yana riƙe haske fiye da siriri, don haka idan aka sa masu kauri a tsakiya, sirara a gefe, an samu aikin gilashi mai doro ba tare da doron ba.

Ta biyu ita ce a yi ginshiƙan duka girma ɗaya, masu faɗi ta gefe guda kamar bulo, sannan a riƙa juya fuskar kowanne. Idan hasken mai murɗawa ne, juya ginshiƙi da digiri 10 kan sauya taku da digiri 20. Ke nan rabin zagaye ya isa a samu dukkan digiri 360.

Asalin wannan lissafi na komawa ga Shivaramakrishnan Pancharatnam, wani matashi ɗan Indiya da ya bayyana shi a 1956 a cibiyar bincike ta Raman da ke Bangalore, yana da shekara 22. Masanin Birtaniya Michael Berry ya sake gano shi ta wata fuskar a 1984, shi ya sa ake haɗa sunayensu biyu.

Eriyoyin zinari na farko suna da babban aibi, domin ƙarfe yana shanye haske ya mai da shi zafi. Gilashin farko da tawagar Harvard ta yi da su a 2012 ɗan kaɗan ne daga cikin hasken yake tarawa.

A 2015 tawagar Andrei Faraon a cibiyar Caltech da ke Kalifoniya ta koma ga ginshiƙan silikon masu siffar ƙwai. Ta nuna cewa da tsawon ƙwan da faɗinsa da kuma inda ya fuskanta, ana iya sarrafa taku da alƙibla a lokaci guda, kuma kashi 72 zuwa 97 cikin ɗari na hasken yana yin aikin da ake so.

A 2016 Harvard ta kai fasahar ga hasken da ido ke gani. Ta yi ginshiƙai masu tsayin nanomita 600 da titaniyom dayoksaid, sinadarin da ake yin farin fenti da shi. Mujallar Science ta sa aikin cikin manyan nasarorin kimiyya na wannan shekara.

Abin da ido ba ya gani

Idon ɗan Adam yana bambance launi da ƙarfin haske, amma kusan makaho ne ga alƙiblar kaɗawa.

Wasu halittu sun fi shi a nan. A 1949 masanin Ostiriya Karl von Frisch ya nuna cewa ƙudan zuma na gane inda rana take daga alƙiblar hasken sama, ko da gajimare ya rufe ta. Wata tururuwa ta hamadar Sahara da haka take komawa raminta, a 2003 kuma aka gano cewa wani nau'in buzuzu na Afirka yana yin haka da hasken wata.

Ɗan Adam ya daɗe yana amfana da wannan siffa ta hanyar tacewa. Tabarau mai kashe ƙyalli da direbobi ke sawa yana tare hasken da ke kaɗawa a kwance, wanda shi ne ke tasowa daga kwalta ko ruwa. Amma na'urorin auna alƙiblar haske gaba ɗayanta manya ne, masu tsada, wasu ma da sassa masu juyawa.

A 2019 Noah Rubin da Capasso suka gabatar da wata kyamara mai girman babban yatsa, wadda faifai guda ke raba mata haske gida huɗu bisa ga alƙiblarsa, ta ɗauki dukkan bayanin a lokaci ɗaya.

Irin wannan hoto yana nuna inda roba ko gilashi ya takura yana shirin tsagewa, yana bambance abin da aka ƙera da tsirran da ke kewaye da shi, yana kuma taimakawa wajen gane girma da nau'in ƙurar da ke cikin iska.

Batu na ƙarshe yana da muhimmanci ga yankin Sahel, inda ƙurar hunturu ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Tauraron PACE da hukumar NASA ta harba a watan Fabrairun 2024 yana ɗauke da na'urori biyu masu auna alƙiblar haske domin nazarin ƙura da hayaƙi. Ba da faifan aka yi su ba, amma rage girman irinsu na daga cikin burin masu binciken.

Daga ɗakin bincike zuwa kasuwa

A 2016 aka kafa kamfanin Metalenz a Boston domin sayar da fasahar Harvard. A watan Yunin 2022 shi da kamfanin STMicroelectronics na Turai suka sanar da fitar da wata na'urar auna nisa mai ɗauke da faifan, irin wadda ke taimaka wa kyamarar waya ta daidaita hoto.

A 2025 kamfanin na Turai ya ce ya sayar da irin waɗannan kayayyaki fiye da miliyan 140.

Abin da ya ja hankalin masana'antu shi ne yadda ake ƙera shi. Gilashi mai doro sai an zuba shi a mazubi ko an goge shi, sannan a jera shi da 'yan uwansa daidai wa daida. Faifan kuwa buga shi ake yi da irin injinan da ke buga ƙwaƙwalwar kwamfuta, dubbai a kan faranti guda.

A 2023 Metalenz ya gabatar da wani tsarin buɗe waya da fuska, wanda ya ce yana gane fatar mutum daga yadda take juya alƙiblar haske, abin da hoto ko fuskar roba ba za su kwaikwaya ba.

A fannin lafiya, masana daga Harvard da babban asibitin Massachusetts sun ɗora faifan a kan siririyar na'urar leƙa cikin huhu a 2018. A 2021 masu bincike daga jami'o'in Princeton da Washington suka nuna kyamara mai girman ƙwayar gishiri, faɗinta rabin milimita, mai ginshiƙai miliyan 1.6, wadda kwamfuta ke gyara hotonta.

A watan Janairun 2024 Harvard ta sanar da wani faifai mai faɗin santimita 10 da ginshiƙai biliyan 18.7, wanda aka ɗauki hoton rana da wata da shi.

Eriya marar motsi da bango mai juya sigina

A ɓangaren sadarwa, kamfanin Kymeta na jihar Washington, wanda aka kafa a 2012 da tallafin Bill Gates, yana ƙera shafaffiyar eriya ta tauraron ɗan Adam. Maimakon a juya kasko ya fuskanci tauraro, lantarki ne ke sauya takun dubban ƙwayoyin da ke jikinta, sai siginar ta karkata ita kuma eriyar tana kwance. Ana ɗora ta a kan mota da jirgin ruwa.

A 2014 Farfesa Cui Tiejun na Jami'ar Southeast da ke Nanjing a ƙasar Sin ya gabatar da faifan da kwamfuta ke sauya wa aiki. Kowace ƙwaya tana da ɗan makunni da ke sa ta zama sifili ko ɗaya, tsarin da aka ba su kuma shi ke nuna inda igiyar za ta nufa.

Daga nan aka samu tunanin liƙa irin wannan faifai a bangon gini. Sabbin tsare-tsaren waya suna amfani da gajerun igiyoyi masu ɗaukar bayanai da yawa, amma bango da bishiya na tare su. Faifan na iya karɓar sigina daga turken sadarwa ya juya ta zuwa lungun da ba ta kaiwa, da wuta kaɗan.

A watan Janairun 2020 kamfanin NTT Docomo na Japan da kamfanin gilashi na AGC suka sanar da gwajin wani faifai garai-garai kamar gilashin taga, mai barin igiyar gigahaz 28 ta wuce ko ya mayar da ita. Ana nazarin fasahar a matsayin ɗaya daga cikin abubuwan da za su iya shiga tsarin 6G, wanda ake sa ran fara aiki da shi wajen 2030.

Sauran rina a kaba

Babbar matsalar da ta rage ita ce launi. Kowane launi da tsawon zangonsa, saboda haka ginshiƙin da aka auna domin kore ba ya jinkirta ja ko shuɗi yadda ya kamata. Sakamakon haka launuka kan taru a wurare dabam-dabam, hoto ya dushe.

A 2018 masu bincike sun ƙera faifan da ke tara yawancin launuka wuri guda, amma faɗinsa bai kai milimita ɗaya ba. Lissafi ya nuna cewa gwargwadon faɗin faifai, gwargwadon tsayin ginshiƙan da ake buƙata domin gyara launi, dogayen ginshiƙai sirara kuma suna da wuyar ƙerawa.

Wannan ne dalilin da ya sa kayan da suka fara shiga kasuwa duk masu aiki da launi ɗaya ne, wato hasken leza da ido ba ya gani.

Akwai kuma batun wanda zai mallaki fasahar. Masana'antun da ke iya buga zane mai ƙanƙantar nanomita ƙalilan ne, kuma sun taru ne a gabashin Asiya da Amurka da Turai. Sauƙin farashi na iya kai na'urorin gwajin cuta ƙananan asibitoci, amma ƙasashen da ba su da irin waɗannan masana'antu za su ci gaba da zama masu saye.

Sojoji ma suna da sha'awa, domin faifan da ke juya sigina zuwa lungu yana iya warwatsa igiyar na'urar rada ta kasa komawa inda ta fito. Kazalika kyamarar da ba ta fi ƙwayar gishiri ba, yadda take da amfani a hannun likita, haka take da haɗari a hannun mai leƙen asirin jama'a.

A halin da ake ciki, tudun da ke bayan waya yana nan, domin babbar kyamara mai ɗaukar hoto mai launi har yanzu da gilasai masu doro take aiki.

Amma a gefenta, a cikin ɗan ƙaramin idon da ke auna nisa, faifan ya riga ya shiga aljihun mutane da dama ba tare da sun sani ba.